Legas Zuwa Jidda: Tarihin Hanyar Da A Yau Ake Ci Cikin Awa Biyar Da Rabi



Tsakanin filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Ikeja da filin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai tazarar kilomita 4,200 ko kusa da haka, in an ja layi miƙe a sama. Jirgin fasinja na wannan zamani yana gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa guda idan ya daidaita a sararin samaniya. In aka haɗa da lokacin hawa da na sauka da ɗan karkacewar da masu kula da zirga-zirgar sama kan sa matuƙi ya yi, tafiyar takan ci awa biyar da rabi, wani lokaci ta doshi shida. Daga Kano abin ya fi sauƙi, domin tazarar wajen kilomita 3,400 ce, awa huɗu da rabi zuwa biyar an isa. Sai kuma mu tuna agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, shi ya sa wanda ya tashi Ikeja da sha biyun dare yakan tarar rana ta fito a Jidda, ya yi ta lissafi a ransa yana cewa an ci masa dare.

Mu da ke zaune a Agege da Mile 12 da sauran unguwannin da ke kewaye da Ikeja mun saba da ƙarar jirage har ba ma ɗaga kai. To amma waɗannan awoyi biyar da rabi suna da tarihi, kuma kakanninmu na cikinsa tsundum.

Mu fara da duba inda layin nan ya bi. Jirgin da ya miƙe daga Legas yakan nufi gabas maso arewa, ya ratsa tsakiyar Najeriya ta wajen Lokoja, ya fita ta ƙasar Barno, ya bi ta kan Njamena kusan daidai, ya keta Chadi, ya shiga Sudan ta arewacin Darfur, ya tsallake kogin Nilu can arewa da Kartum, sannan ya faɗa kan Bahar Maliya. Duk wanda ya taɓa zama da tsofaffin alhazan ƙasa ya san sunayen nan. Hanyar da suka taka da ƙafa ke nan, illa dai su sun ɗan fi yin kudu saboda ruwan sha da garuruwa.

A da, mutumin da ya ƙudurci zuwa Makka daga ƙasar Hausa yakan yi sallama irin ta wanda ba a sa ran dawowarsa. Yakan biya basussuka, ya bar wasiyya, wani ya sallami matarsa in ba za ta iya binsa ba, wani kuma ya kwashi iyalin gaba ɗaya. Daga Kano a nufi Barno, a tsallaka zuwa Bagarmi da Wadai, a yada zango a Abeshe, a shiga Darfur ta Junaina da Fashir, a gangara Kurdufan, a ƙetare Nilu, har a kai Sawakin a bakin teku, inda ake jiran kwalekwale ko jirgin ruwa. Guzuri ba ya kai mutum ko'ina a irin wannan tafiya. Sai a tsaya a yi noma damina guda, ko a yi ɗinki, ko wanzanci, ko fawa, ko koyar da yara allo, a tara abin da zai kai mutum zango na gaba. Da haka tafiyar kan ɗauki shekaru, kuma da yawa ba su ƙarasa ba, da yawa kuma sun ƙarasa amma ba su dawo ba. Larabawan Hijaz suna kiran irin waɗannan matafiya Takarir, daga nan muka samo kalmar takari da har yau ake ji.

Ko manyanmu ba kowa ya samu zuwa ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai yi aikin hajji ba, haka ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana nauyin tafiyar a wancan zamani.

Zuwan Turawa ya ƙara cika hanyar da mutane. Bayan faɗuwar Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi gabas da jama'a masu yawa da niyyar hijira, aka tare su a Burmi, ya rasu a can cikin wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da ragowar jama'ar har bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sannar, inda suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno. Da aka buɗe babbar gonar auduga ta Jazira a 1925, mutanenmu masu hanyar Makka suka zama cikin manyan masu yi mata ƙwadago. Mutum ya tsinci auduga kaka biyu ko uku, ya samu kuɗin jirgin ƙasa zuwa bakin teku. Wasu daga tsintar audugar nan suka yi aure, suka haihu, suka zama 'yan ƙasa. Hausawan da ke Gadarif da Kasala da Sannar a yau, mafi yawansu jikokin wannan tafiya ne.

Ga mutumin Legas kuwa, kafin ya kama waccan hanya ma sai ya fara kai kansa Arewa. Layin dogo ya isa Kano a 1911, ya fara aiki sosai a 1912, tazarar kuma ta haura kilomita 1,100. Daga Kano zuwa Maiduguri babu dogo sai a 1964 da reshen Barno ya isa can ta Jos da Bauchi da Gombe. A ɓangaren Sudan, dogo ya tsaya a Ubayyid tun wajen 1912. Abin da ke tsakanin ƙarshen dogon nan da farkon wancan, nan ne wahalar take. In aka tara duka, daga Iddo zuwa bakin Bahar Maliya ta ƙasa ya haura kilomita 5,000. Masu hali suna da wata dabara: su shiga jirgin ruwa a Legas, su zagaya ta Ingila, su biyo ta Masar. Haka Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi a 1921. Wato sai da ya yi yamma da arewa mai nisa kafin ya samu gabas.

Jirgin sama ya fara shigowa ƙasar nan ne ta wannan hanya ta alhazai, amma a juye. Ranar 27 ga Oktoba 1925, jirage uku na sojan saman Ingila samfurin DH.9A suka tashi daga Hilwan, kusa da Alƙahira, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Jirage ne masu fukafukai hawa biyu, na katako da zane, masu ɗaukar mutum biyu kacal, gudunsu bai kai kilomita 200 a awa ba. Suka biyo Nilu zuwa Kartum, suka juya yamma ta Ubayyid da Fashir da Fort Lamy, wadda ita ce Njamena ta yau, suka shigo ta Maiduguri, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, zamanin Sarki Usman. Kwana shida. A ƙasa, wannan tazara ta ci rayuwar mutane da ba su lissafuwa. Shi kansa Coningham, abin mamaki, jirgin sama ne ya yi ajalinsa: yana cikin fasinjojin wani jirgi da ya ɓace a tekun Atlantika, kusa da Bermuda, a Janairun 1948, ba a ga ko ɓurɓushinsa ba.

Me ya sa suka bi garuruwan nan? Dalilinsu da na mai jaki ɗaya ne. Jirgin wancan lokaci ba ya iya dogon zango, dole ya sauka ya sha mai duk bayan 'yan awoyi, kuma man sai an riga an kai shi can a gwangwani. Inda akwai gari da rijiya da jami'in gwamnati, nan ake share fili. Saboda haka zangon fatake ya koma zangon jirgi.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe jigilar mako-mako tsakanin Kartum da Kano da jirgi samfurin DH.86 mai inji huɗu, wanda bai fi ɗaukar mutum goma ba, kafin shekarar ta ƙare aka miƙa layin har Legas. Wasiƙu da ma'aikatan gwamnati aka yi wa shi. Bature mai zuwa hutu Landan sai ya fara yin gabas zuwa Kartum, a can ya canja jirgi ya yi arewa. Talaka mai niyyar Makka yana ganin abin yana wucewa ta kansa, shi ke nan rabonsa da shi.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya mayar da hanyar babbar hanya. Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940, Bahar Rum ta zama haɗari ga jiragen ruwan Ingila, sai aka koma kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su, a tuƙa su ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy da Junaina da Kartum har Alƙahira. Abin ya yiwu ne domin gwamnan Chadi na lokacin, Félix Éboué, ya bi ɓangaren Janar de Gaulle a watan Agustan 1940, ya buɗe sararin ƙasarsa. Jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya cikin shekaru uku. Don su aka faɗaɗa filin Kano da na Maiduguri, a wannan zamani kuma aka gina na Ikeja, aka kafa na'urorin rediyo da ofisoshin duba yanayi. Da aka gama yaƙi, filayen suna nan, ga jiragen dakon kaya birjik ana sayar da su da araha, ga matuƙa ba aikin yi. Daga nan jigilar alhazai ta sama ta samu gindin zama.

Amma kafin jirgin ya kankama, sai da mota ta yi nata zamanin. A 1948 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Muhammadu Nagoda da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazan Afirka ta Yamma, suna ɗaukar mutane a manyan motoci daga Kano zuwa Sudan. Tafiyar shekaru ta dawo ta watanni. Wanda ya ji labarin motocin nan daga bakin waɗanda suka shige su ya san ba hutu ba ne: yashi ya riƙe taya a sauko a tura, damina ta tare hanya a yi zaman jira, a kan iyaka a tsaya duba takardu da katin allura, a Sawakin kuma a killace mutane kwanaki saboda tsoron annoba. Duk da haka, a karon farko mutum yana iya cewa iyalinsa su sa ransa kafin shekara ta zagayo.

Cikin shekarun 1950 aka fara ɗaukar alhazai ta sama daga Kano. Jiragen farfela ne irin su DC-4, masu gudun kilomita 350 ko ɗan fiye a awa. Ka lissafa da kanka: kilomita 4,200 a wannan gudu awa goma sha biyu ke nan cur a sama, ban da saukar shan mai a hanya, wadda galibi a Kartum ake yi. Ba su hawa can ƙololuwa kamar na yanzu, saboda haka duk wata iska da zafin hamada sai sun ji a jikinsu. Amma wanda ubansa ya yi shekara biyar a hanya, wa zai zo ya yi masa kukan awa goma sha biyu? Sardauna ya yi hajjinsa na farko a 1955, daga nan gwamnatoci suka fara sa hannu a lamarin. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, kuma ya kamata mu mazauna Kudu mu riƙe, shi ne hukumar jin daɗin alhazai ta farko a ƙasar nan gwamnatin Jihar Yamma ce ta kafa ta a 1958, zamanin Firimiya Obafemi Awolowo. Ta Arewa ta biyo baya a 1965, ta tarayya a 1975, sannan NAHCON da muka sani yau a 2006.

Shigowar jiragen jet ita ta kawo lissafin da muke amfani da shi har yanzu. Jirgin VC10 na Ingila, ranar da ya fara ɗaukar fasinja a duniya, 29 ga Afrilu 1964, Legas ya nufo daga Landan. A farkon shekarun 1970 kamfanin Nigeria Airways ya mallaki Boeing 707, a 1976 ya ƙaro DC-10. Gudu ya ninka fiye da sau biyu, tankin mai ya isa a tashi daga Legas ko Kano a dire Jidda ba tsayawa. Wannan ya zo daidai da kuɗin man fetur, kujerar Makka ta sauko inda ɗan kasuwar Sabo da mahaucin Oko-Oba za su iya miƙa hannu. A 1977 alhazan Najeriya sun haura 100,000. Tsohon filin jirgin Jidda da ke cikin gari ya kasa ɗaukar jama'ar duniya, aka buɗe sabo a 1981 mai rumfunan nan farare kamar tantuna. Namu sabon ginin na Ikeja kuwa an buɗe shi a 1979.

Ga wani abu da ya kamata a lura da shi. Daga 707 na 1971 zuwa manyan jiragen yau, gudun bai ƙaru ba. Abin da ya canja shi ne yawan mutanen da ake ɗauka, da ƙarancin shan mai, da raguwar ƙara da haɗari. Awa biyar da rabin da alhajin 1975 ya yi a sama, ita jikansa yake yi. Inda ake samun bambanci shi ne a ƙasa: kwana nawa aka yi a sansanin alhazai ana jiran jirgi, awa nawa a layin jami'an shige da fice. A ganinmu, tun shekaru hamsin da suka wuce tsawon tafiyar Makka ya daina zama maganar injiniya, ya koma maganar tsari da riƙon amana na masu shirya jigila.

Saurin nan ma ya zo wa malamai da tambayar da ba a taɓa yi musu ba. Mai tafiya a ƙasa ko a ruwa yana da lokacin da zai yi wanka ya ɗaura harami a natse. Mai jirgin sama kuwa cikin ƙiftawar ido yake wuce daidai mikati, Bahar Maliyar gaba ɗaya ba ta fi masa minti ashirin ba. Shi ya sa masu nufar Jidda kai tsaye da yawa suke ɗaura zanen tun daga gida su jira sanarwar matuƙi, yanzu kuma akasarin alhazanmu ta Madina ake fara sauke su.

Ba za mu ba da tarihin hanyar nan mu tsallake ranakun baƙin ciki ba. Ranar 22 ga Janairu 1973, wani Boeing 707 na kamfanin ƙasar Jodan da Nigeria Airways ya yi haya ya taso daga Jidda da alhazai, Legas zai zo. Yanayi ya ɓaci a nan, aka karkatar da shi Kano. Wajen sauka ƙafar jirgin ta karye, ya kauce daga titi, ya kama da wuta. Cikin mutum 202 da ke ciki, 176 suka rasu. A lokacin ba a taɓa haɗarin jirgin sama da ya fi shi cin rai ba a duniya. Sai kuma ranar 11 ga Yuli 1991, wani DC-8 na kamfanin Kanada da aka yi haya ya tashi daga Jidda zai kai alhazai Sakkwato. Tayoyin da ba su da isasshiyar iska suka fashe tun yana gudu a kan titi, aka naɗe su cikin jikin jirgin suna cin wuta, matuƙin ya juyo amma bai kai ga sauka ba. Mutum 261, babu wanda ya tsira. Bincike ya nuna an san da matsalar iskar tayoyin kafin tashi, aka ƙi tsayawa gyara don kada a makara. Allah Ya jiƙansu da rahama. Shi kansa Nigeria Airways ya rufe a 2003, jigilar ta koma hannun kamfanoni masu zaman kansu na gida da na Saudiyya.

Abu na ƙarshe da tarihin nan ya zo da shi bai daɗe ba. Mukan ɗauka sama fili ce kowa ya bi, alhali kowace ƙasa tana da ikon sararin da ke kanta, ana neman izini, ana biyan kuɗin wucewa. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Kartum tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar ana saura 'yan makonni a fara jigilar hajjin shekarar. Sudan kuwa ita ce kusan kashi ɗaya cikin uku na layin da muka zana a sama. Dole jirage suka riƙa zagaye, ko ta kudu ta wajen Habasha, ko ta arewa ta wajen Masar, tafiya ta ƙaru da kusan awa biyu ko fiye, kamfanonin jigila suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera.

A makonnin nan ne kuma aka riƙa kwaso ɗalibanmu daga Kartum a motocin safa, wasu zuwa kan iyakar Masar ta wajen Wadi Halfa, inda suka yi kwanaki a rana suna jiran izinin shiga, wasu zuwa Port Sudan a bakin teku, 'yar tazara kaɗan daga Sawakin. Junaina da Fashir, zangunan da alhazan ƙasa suka sha ruwa kuma jiragen 1936 suka sha mai, su ne garuruwan da sunayensu suka cika labaran kashe-kashe tun daga lokacin. Jikokin waɗanda suka tsaya tsintar auduga a Jazira ba su da fasfon Najeriya, saboda haka motocin kwaso mutane ba su zo dominsu ba.